Darasi na Tara: Yadda Ake Haɗa Maganin Mura Mai Tsanani da Auna wa Yaro

A ƙarshen shekarar 2017 wata cuta ta ɓarke a makarantar sakandare ta Kumasi Academy da ke Asokore Mampong, nan kusa da Aboabo da Asawase, inda ɗalibai huɗu suka rasu, aka kuma kwantar da wasu da dama a asibiti. Da aka kai samfur cibiyar bincike ta Noguchi da ke Legon a Accra, sai aka gano cewa infuluwenza ce, wato mura mai tsanani, nau'in da ake kira H1N1. Maganin da aka ba ɗalibai a lokacin shi ne Tamiflu, wanda asalin sunansa oseltamivir, kuma a kansa wannan darasi zai tsaya.

Infuluwenza ta bambanta da murar sanyi da muka saba da ita, domin takan zo farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi, da busasshen tari, har yaron da ya tashi yana wasa da safe ya kasa ɗaga kai da la'asar. Da yake alamominta na kama da na zazzaɓin cizon sauro, sai a fara kai yaro asibiti a yi masa gwajin jini, likita ya tantance abin da ke damunsa. Bai kamata a saye maganin a kemis bisa zato ba. Yana da kyau kuma a hanzarta, saboda maganin ya fi aiki idan aka fara shi cikin awa 48 daga bayyanar alamomi. Aikinsa shi ne hana ƙwayar cutar yaɗuwa a cikin jiki, abin da magunguna irin su amoksisilin ba sa iyawa.

Ana auna wa yaro wannan magani ne gwargwadon nauyinsa. Saboda haka ku tafi da littafin awo, ko ku roƙi ma'aikaciyar jinya ta ɗora shi a kan ma'auni a ranar, domin nauyin da aka rubuta wata shida da suka wuce ya riga ya zama tsohon labari. Yara biyu 'yan shekara huɗu na iya zama a gida ɗaya, ɗaya kilo 14, ɗaya kilo 17, kuma awon maganinsu ya bambanta. Abin da likita ya rubuta wa ɗan maƙwabciya nasa ne shi kaɗai.

Akwai lambobi iri biyu da ke rikita mutane. Miligiram, wanda ake rubutawa mg, shi ne yawan maganin kansa. Mililita, wato ml, shi ne yawan ruwan da maganin ke ciki. A jikin kwalbar na ruwa za ku ga an rubuta 6 mg/ml, ma'ana kowace mililita ɗaya tana ɗauke da miligiram shida. Ga yaron da ya cika shekara ɗaya, idan nauyinsa bai wuce kilo 15 ba ana ba shi mg 30, wato ml 5. Wanda ya wuce kilo 15 har zuwa 23 yana shan mg 45, wato ml 7.5. Daga sama da kilo 23 zuwa 40 awon shi ne mg 60, wato ml 10, sannan wanda ya haura kilo 40 yana shan awon babba, mg 75, wato ml 12.5. Ana sha sau biyu a rana har kwana biyar. Jaririn da bai kai shekara ba kuwa, likita ne kaɗai zai lissafa masa, domin nasa mg 3 ne a kan kowane kilo. Ku duba jikin kwalbar da idonku kafin ku bar wurin mai ba da magani. Idan lambar da ke kai ba 6 mg/ml ba ce, waɗannan mililitocin ba su shafe ta ba, sai ya rubuta muku awon da ya dace.

Mu ɗauki yarinya mai kilo 18. Awonta ml 7.5 ne, sau goma a cikin kwana biyar, jimla ml 75. Kwalbar kuwa ml 60 ko 65 take ɗauka, wato guda ɗaya ba za ta kai ta ƙarshe ba. Gara a yi wannan lissafi tun a gaban kanta, da a farga da daren kwana na huɗu.

Gari ne a cikin kwalbar, kuma mai ba da magani ne ya kamata ya zuba masa ruwan da aka ƙayyade. A gida, a girgiza kwalbar sosai kafin kowane awo, domin maganin na kwanciya a ƙasa. A yi amfani da sirinjin baki, marar allura, wanda aka zana wa lambobin ml. Cokalin shayi ba ma'auni ba ne. Ku jera cokulan gidanku uku ku cika su da ruwa, za ku ga kowanne da cikinsa. A zuƙo maganin, a ɗaga sirinjin daidai ido, a tabbata bakin robar da ke turawa ya tsaya a kan layin da ake so, idan akwai kumfar iska a mayar a sake zuƙowa. A zaunar da yaron a miƙe, a sa bakin sirinjin ta gefen kumatu, a tura a hankali yana haɗiyewa. Toshe wa yaro hanci a yi masa ɗura, kamar yadda wasu iyayenmu suka saba, na iya sa maganin ya bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi.

Sau da yawa na ruwan ba ya samuwa, sai kafso, mai mg 30, ko 45, ko 75. Idan kafson ya yi daidai da awon yaron, misali mai 30 guda ɗaya, ko guda biyu ga mai shan 60, a wanke hannu, a buɗe shi a kan ƙaramin kofi, a juye garin duka. Garin na da ɗaci ƙwarai, don haka a haɗa shi da ɗan abu mai zaƙi wanda bai wuce cokali ɗaya ba, kamar ruwan sukari mai kauri, a ba yaron nan take. Bayan haka a ɗiga ruwa kaɗan a ɗauraye kofin, a ba shi ya shanye. Kada a juye garin a cikin cikakken kofin koko, domin idan yaron ya sha rabi ya ture, babu wanda zai san nawa ya shiga cikinsa. Kada kuma a yi amfani da zuma a nan ga jaririn da bai kai shekara ba. Idan mai mg 75 kawai aka samu alhali yaron na buƙatar ƙasa da haka, raba garin da ido ganganci ne. Mai ba da magani ne zai haɗa shi da ruwa a ma'auni, ya nuna muku inda za ku tsaya a jikin sirinji.

Tazarar da ake so awa 12 ce. A Kumasi wannan ba shi da wuyar riƙewa, tunda rana na fitowa wajen ƙarfe shida, ta faɗi wajen shida kusan duk shekara: ɗaya da hantsi bai yi ba, ɗaya da magariba. A ba shi bayan ya ɗan ci wani abu, saboda tashin zuciya da amai su ne abin da aka fi gani. Idan ya yi amai bayan sha, a tambayi likita kafin a sake. Idan an manta, a ba shi da zarar an tuna, sai dai idan saura ƙasa da awa biyu lokacin na gaba ya yi, to a bar wanda ya wuce, kada a ninka. A kammala kwana biyar ko da zazzaɓi ya sauka a rana ta biyu.

Kwalbar da aka haɗa tana kwana 17 a firij, ban da wurin ƙanƙara, ko kwana 10 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. Ɗakunanmu na zango sun fi haka zafi da rana, ga kuma dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, don haka abin da ya rage bayan kwana biyar kada a ajiye shi don wani yaron.

Don sauke zazzaɓi farasitamol ake bayarwa. Asfirin na da haɗari ga hanta da ƙwaƙwalwar yaro mai infuluwenza. A koma asibiti nan take, ko tsakar dare ne, idan numfashi ya yi sauri ko haƙarƙari na lotsawa, idan leɓe ya canza launi, idan yaron ya ƙi shan komai, ko ya yi jijjiga, ko ya fara sambatu, ko ƙuraje suka feso masa tare da kumburin fuska.

Aikin aji: malami zai kawo sirinji da kofin ruwa. Kowane ɗalibi ya zuƙo awon yaro mai kilo 12, da na mai kilo 25, ya nuna wa na kusa da shi, sannan ya rubuta a littafinsa jimlar ml da kowannensu zai sha a kwana biyar.