Idan Baƙo Ya Ce A Kai Shi Bakin Teku

Wanda ya sauka a birnin da ke bakin ruwa ba ya daɗewa bai zama mai masauki ba, domin da zarar 'yan uwa da abokan arziki sun ji cewa gidansa na kusa da teku, sai su fara neman zuwa hutun ƙarshen mako. Ta haka ne mutumin da bai gama sanin hanyar wurin aikinsa ba zai wayi gari shi ne ɗan jagora. Kuskuren da sabon zuwa ya fi yi shi ne ya tsara fitar da agogonsa kaɗai, alhali a irin waɗannan birane ruwa da iska ne ke yanke lokacin da za a fita da lokacin da za a dawo.

Ka fara da jirgin fito, wato wanda ma'aikata da 'yan makaranta ke hawa kullum don tsallake ruwa. Jiragen 'yan yawon buɗe ido sun fi ƙyale-ƙyale, amma sau da yawa ruwa ɗaya suke bi, abu ɗaya kuma ake gani. A Niyok, jirgin da ke zuwa tsibirin Staten kyauta ne tun 1997, yana yin kamar minti 25 a kan ruwa, kuma yana wucewa ta inda baƙo zai hango mutum-mutumin 'Yanci sosai. A Istanbul, katin da ake hawa bas da shi ne zai tsallakar da kai daga ɓangaren Turai zuwa na Asiya. A Amstadam ma, jiragen da ke tashi daga bayan babbar tashar jirgin ƙasa ba a biyan komai. Idan baƙonka bai taɓa hawa jirgin ruwa ba, ka zaunar da shi a tsakiya inda tangaɗi ya fi sauƙi, ka ce ya ajiye waya ya riƙa duban nesa, saboda duban allo ne ke saurin kawo jiri da tashin zuciya.

Abin da ya fi muhimmanci ka koya, ko da kuwa ba za ka koyi komai ba, shi ne cikowar teku da janyewarsa. A yawancin gaɓoɓi ruwa yana cikowa sau biyu, ya janye sau biyu cikin kimanin awa 24 da minti 50, wata ne kuma ke jan sa. Ma'anar wannan ita ce, tsakanin cika da janyewa akwai awa shida da 'yan mintuna, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana, don haka filin rairayin da ka taka ranar Asabar da hantsi yana iya kasancewa ƙarƙashin ruwa a daidai wannan lokaci a Asabar mai zuwa. Cikowar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma lokacin da ya cika. Wurare ma sun bambanta ƙwarai: a tekun Bahar Rum da ƙyar za ka lura da canjin, amma a mashigin Biristol na Birtaniya tazarar takan wuce mita 12.

Haɗarin ba daga gaba yake zuwa ba, shi ya sa yake rutsawa da baƙi. Mutum yana tsaye a tudun rairayi yana ɗaukar hoto, idonsa na kan igiyar ruwan da ke gabansa, ashe ruwa ya riga ya bi ta kwari ya zagaye ta bayansa ya yanke masa hanyar komawa. A watan Fabrairun 2004, aƙalla 'yan ƙasar Sin 21 ne suka halaka a gaɓar Morecambe ta Ingila lokacin da cikowar ruwa ta rutsa da su da dare suna aiki a kan rairayi. Jadawalin cikowa yana nan a intanet, ana kuma manna shi a ƙofar shiga bakin teku da yawa, kuma duba shi ba ya cin minti biyu.

Iskar bakin ruwa ta fi ta cikin gari sanyi, musamman a saman jirgi da yamma, don haka ka sa baƙo ya riƙo rigar sanyi ko da rana na ƙwallewa, ya kuma sa takalmin da ba ya santsi.

Maganar shiga ruwa kuwa, a ganina bai kamata kunyar baƙo ta sa mai masauki ya yi shiru ba. Iya iyo a kogi ko a tafkin wanka daban yake da iyo a teku. Ka kai shi wurin da akwai masu ceto kawai. A Birtaniya da Ostireliya ana yin wanka ne tsakanin tutoci biyu masu launin ja da rawaya, jar tuta zalla kuma tana nufin kada kowa ya shiga. Ruwan da zafinsa bai kai digiri 15 a ma'aunin Salsiyas ba yana sarƙe numfashi a mintin farko, ko ga gwanin iyo, kuma abin yi shi ne mutum ya kwanta rigingine ya yi yawo a saman ruwa har numfashinsa ya daidaita. Akwai kuma wata igiya mai jan mutum zuwa cikin teku, wadda takan ɓuya a wurin da ruwa ya fi kama da kwanciya. Wanda ta kama kada ya yi kokawa da ita; ya yi iyo a gicciye, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga cikinta, yana ɗaga hannu don a gan shi. Yara kuwa, a bar su inda hannun babba zai kai.

Kafin ku bar gida, ka sa lambar gaggawa a wayar baƙon: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 911 a Amurka da Kanada, 999 a Birtaniya, inda ake cewa a haɗa mutum da masu tsaron gaɓa. Ka kuma rubuta lokacin tashin jirgin ƙarshe idan tsibiri za ku, domin a wurare da dama ana rage zirga-zirga ranar Lahadi da lokacin hunturu, kuma iska mai ƙarfi takan sa a soke tafiya ba tare da dogon gargaɗi ba.