Ga masu rubuta waƙar yaƙin Burmi

'Yan uwa, duk mai son rubuta waƙa kan Burmi, garin da Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu a yaƙi da Turawa a watan Yulin 1903, ya fara zaɓar kari, wato ma'aunin tafiyar sautin waƙa, kafin ya ɗora alƙalami. Karin Mutadarik yana sukuwa kamar doki, ya dace da baitin da mahaya suka tunkari bindiga mai jigida. Amma in ka kai shi wajen gawawwaki sai makoki ya koma kalangu. Ni wannan ya taɓa ci na, sai da na rera a fili na ji waƙar tana rawa inda ya kamata ta yi kuka. A nan gara karin Kamil ko Basiɗ, ko ka yawaita gaɓoɓi masu nauyi, wato masu dogon wasali ko masu ƙarewa da baƙi, domin murya ta ja.

Sunan Attahiru kansa gaɓa biyu masu nauyi ne, biyu marasa nauyi. Gwada shi a ɗango, wato layin baiti, tun farko, kada ka zo kana murɗe shi.

Amsa-amon waje kuma, wato sautin da kowane baiti ke ƙarewa da shi, ɗauki mai dogon wasali irin "wa" ko "na", ka tara kalmominsa kamar talatin a gefe tukuna.