Yadda ake neman tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya ba tare da ka ba kowa sisi ba

A 'yan shekarun nan, ranar 10 ga Janairu ake buɗe shafin neman tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wanda suke kira Türkiye Bursları, a rufe shi ranar 20 ga Fabrairu. Da zarar an buɗe sai wayata ta cika da saƙonni: "Yaya, an fara fa, ta ina zan soma?" Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba, domin wanda sai a Janairu zai tashi neman fasfo da takardar jerin makinsa, to gaskiya shirin baɗi yake yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da wannan tallafin na yi digiri na biyu a fannin noman rani a birnin Konya, kuma abin da zan faɗa a nan shi nake faɗa wa ƙannena da 'ya'yan maƙwabta in sun tare ni a ƙofar gida.

Wata hukumar gwamnatinsu mai suna YTB ce ke riƙe da shirin. Idan aka ɗauke ka, su za su sama maka gurbi a jami'a, su biya kuɗin makaranta, su ba ka wurin kwana da inshorar lafiya da alawus na wata-wata, da tikitin jirgi na zuwa da na komawa gida ranar da ka gama. Sannan akwai shekara guda ta koyon Turkanci kafin a shiga aji. Abin da ya bambanta shi da wasu tallafin shi ne ba sai ka fara samun gurbin jami'a da kanka ba, fom ɗaya ne ya haɗa neman gurbin da neman kuɗin.

Cika fom ɗin kyauta ne. Na maimaita, kyauta ne. Shafinsu turkiyeburslari.gov.tr, kuma duk wanda ya ce maka yana da hanya a ciki, ko ya san wani a ofishin jakadanci, ka kawo dubu kaza ya sa sunanka, ka yi masa sallama ka wuce. Ko mai kafe ban cika son a bar wa aikin ba. Ba don mugunta ba, a'a, shi dai mutum goma ke jiransa a layi, zai buɗe maka da imel ɗinsa ko wanda ya ƙirƙira nan take, ya liƙa maka wasiƙar bayyana manufar da ya liƙa wa wanda ya tashi kafin kai. Ranar da aka aiko gayyatar ganawa tana can cikin akwatin da ba ka san makullinsa ba. Ka je kafe don kwamfuta da na'urar ɗaukar hoton takardu, amma kai za ka zauna a kujerar.

Kafin ka wahalar da kanka, duba ko ka cancanta. Mai neman digiri na farko dole shekarunsa ba su kai 21 ba, na biyu ba su kai 30 ba, na uku ba su kai 35 ba. Maki kuma, kashi 70 cikin 100 ga digiri na farko, 75 ga na biyu da na uku, 90 ga mai son likitanci ko aikin haƙori ko harhaɗa magunguna. Wanda ke ajin ƙarshe yana iya nema tun bai gama ba. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da zai sa a kalli takardarka, ba shi ne zai sa a ɗauke ka ba, domin sama da mutum 100,000 ke nema duk shekara daga sassan duniya, 'yan dubbai ake ɗauka. Kuma kusan duk yaron da ya zo wurina likitanci yake so. Idan sakamakon WAEC ɗinka C ya fi yawa a ciki, ka bar zancen likitanci, ka nemi abin da takardarka za ta iya ɗauka.

Aikin gaske a watan Oktoba ko Nuwamba yake farawa. Ka shimfiɗa tabarma, ka zube duk takardunka: ta haihuwa, ta NIN, sakamakon WAEC ko NECO, satifiket ɗin jami'a in kana da shi, da fasfo. Ka bi sunanka harafi bayan harafi. A nan ne mu 'yan Arewa muka fi shan kashi. Wata takardar Muhammad, wata Mohammed, wata kuma an taƙaita Muhd. A'isha a firamare ta koma Aishatu a sakandare. A WAEC an sa sunan garinku a ƙarshe, a NIN an sa na kakanka. Ranar haihuwa ma haka, wani malami ya rubuta maka 1 ga Janairu don bai tambayi kowa ba. Mu a gida mun san duk mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke duba takardu a Ankara mutum uku yake gani. Ka zaɓi rubutu ɗaya, wanda zai hau fasfo, ka gyara abin da ke gyaruwa, sauran kuma ka je kotu a yi maka takardar rantsuwa. Da yake yanzu ba a yin fasfo sai bayanansa sun dace da na NIN, daga NIN ɗin za ka fara.

Mai neman digiri na biyu ko na uku, takardar jerin maki ita ce mai cin lokaci. A jami'ar da na gama, sai da na riƙa bin fayil ɗina daga ofis zuwa ofis da ƙafata, yau mai sa hannu ya tafi taro, gobe babu wuta. Ka nema da wuri, ka bi sawu, kada ka zauna jiran a kira ka. Idan ta fito, a ɗauki hotonta da na'ura, ba da waya a kan katifa da inuwar hannunka a gefe ba. Haka ma hoton fuskarka, na fasfo mai farin baya, ba na ranar Sallah ba.

Wurin cika fom ba wahala, haƙuri kawai yake so, kuma ana iya ajiyewa a dawo gobe. Makinka ka sa shi yadda yake a takarda, bisa tsarin makarantarku, kada ka ƙara ko ɗigo, domin za a nemi ganin takardun na asali. Akwai wurin da ake tambayar ayyukan da ka yi a wajen aji, kuma a nan yaranmu ke barin fili fayau suna cewa ba su yi komai ba. Sai na tambaya, wa ke koyar da ƙananan aji a Islamiyyar unguwarku? Ya ce shi ne. Wa ya shiga musabaƙa har matakin ƙaramar hukuma? Shi ne. Ke kuma da kika yi aikin rigakafin shan inna gida-gida, ko kike riƙe lissafin adashin matan layinku, ai aiki ne. Ku rubuta, kuma inda za a iya samun takardar shaida daga shugaban makaranta ko ƙungiya, a karɓa a ɗora.

Ana ba ka damar zaɓar wurare har 12. Kowa Istanbul yake so, saboda ita ake gani a talabijin, sai Ankara. Can ne cunkoson ya fi yawa, can ne kuma rayuwa ta fi tsada. Akwai jami'o'i masu kyau a Konya, Bursa, Kayseri, Sakarya, Eskişehir, Erzurum da Samsun. Ka baza zaɓinka a garuruwa, amma fannin ya zama ɗaya ko masu kusanci. Wanda ya sa injiniya, ya sa shari'a, ya sa aikin jarida a fom guda, ya gaya musu da bakinsa cewa jirgin kawai yake son hawa. Yawancin kwasa-kwasan da Turkanci ake koyarwa. Masu Turanci sukan nemi sakamakon jarrabawar harshe, kuma da yawa daga jami'o'in can TOEFL suke karɓa ba IELTS ba, don haka ka karanta sharaɗin kowane kwas kafin ka kashe kuɗinka.

Sai wasiƙar bayyana manufa, wadda a ganina ita ce ke raba masu maki iri ɗaya. Na karanta wa yara da dama tasu kafin su tura, kuma kusan duk farkonsu guda ne: tun ina yaro nake da burin taimakon al'ummata, Turkiyya ƙasa ce mai dogon tarihi da ta haɗa Turai da Asiya. Mai karantawa Baturke ne, ya fi ka sanin inda ƙasarsa take. Abin da bai sani ba shi ne kai.

Ni abin da na rubuta tumatir ne. Na ba su labarin hanyar Kano zuwa Zariya a lokacin kakar tumatir, wajen Kadawa da Kwanar Gafan, inda za ka ga an yanka shi an shanya a ƙasa bakin titi, ja wur har iya ganinka, ƙurar manyan motoci na sauka a kai, saboda kwando ya faɗi warwas kuma babu wurin adanawa. Na ce bayan 'yan watanni kwandon nan zai ninka kuɗinsa sau da yawa, manomin kuma ba shi da ko ɗaya. Na faɗi abin da na karanta a digirin farko, da aikin da na yi da manoma lokacin bautar ƙasa, sannan na ce Konya na zaɓa domin fili ne mai ƙarancin ruwan sama da ake noma mai yawa da ban ruwa, ina son ganin yadda suke tattalin ruwa da yadda amfanin gona ke isa masana'anta. Na rufe da abin da zan yi in na dawo, ƙarami, wanda mutum ɗaya zai iya. Ban ce zan kawar da yunwa a Afirka ba.

Kai ma kana da naka. Layin mata a asibitin garinku da ma'aikaciyar jinya ɗaya, rijiyar burtsatsen da ta lalace aka rasa mai gyara, ajin da kake koyarwa mai yara fiye da kujeru. Ka faɗi matsalar, ka faɗi abin da ka riga ka taɓa yi a kai, da dalilin zaɓar wannan kwas, da abin da za ka yi bayan nan. Ka rubuta da Turancinka, ko da mai sauƙi ne, wani ya duba maka kurakurai. Kada ka kwafo ta intanet, kada kuma ka sa manhaja ta rubuta maka, domin ranar ganawa daga cikinta za a yi maka tambaya, kuma nan take ake gane wanda bai san abin da ke cikin wasiƙarsa ba.

Masu yi maka shaida, wato waɗanda za su rubuta wasiƙa a kanka, ka zaɓi malamin da ya san ka a aji ko ya duba aikinka na ƙarshe, ya fi farfesan da bai taɓa ganin fuskarka ba. Ka je ka gaishe shi, ka nemi izini, ka tabbatar imel ɗin da ya ba ka yana buɗe shi. Kuma ka tura fom ɗinka mako guda kafin a rufe. Daren ƙarshe duniya duka na kan shafin, ga namu intanet ɗin da halinsa.

Wanda ya tsallake tantancewar farko za a gayyace shi ganawa, galibi tsakanin Afrilu da Yuni, ko ido da ido ko ta intanet. Masu neman digiri na farko akan yi musu ɗan gwajin lissafi da kaifin tunani kafin nan. Ganawar gajera ce. Ka tafi da takardunka na asali a jere cikin fayil. Za su tambaye ka me ya sa wannan fanni, me ya sa Turkiyya, me za ka yi in ka gama, wani lokaci su jefo tambaya daga cikin karatunka. Mu an tarbiyyantar da mu a kan sunkuyar da kai gaban manya da yin magana ƙasa-ƙasa. A can sai a ɗauka ba ka da tabbas. Ka ɗaga kai, ka buɗe murya, in ba ka ji tambaya ba ka ce a maimaita. Ka sa wani ya yi maka gwaji a gida tukuna, wanda ba zai ji nauyinka ba.

Ke 'yar'uwa, maganar gida tun farko ake yin ta, ba ranar da sakamako ya fito ba. Na ga yarinyar da aka ɗauka, sai a lokacin Baba ya fara jin zancen, ya ce ba inda za ta. Ki fara da Umma, ki nuna musu cewa ɗakunan kwanan mata daban suke da na maza, ki haɗa su da wata da ta je ta dawo su ji daga bakinta.

Sakamako yakan fito wajen Agusta, tafiya kuma farkon kaka, Satumba ko Oktoba. Tsakanin nan akwai sa hannu a yarjejeniya da neman biza a ofishin jakadancinsu da ke Abuja, 'yan Nijar kuma a Yamai. Ka kai takardun karatunka Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ta Harkokin Waje a buga musu hatimi, domin a can za a fassara su zuwa Turkanci, mai shaidar sakandare kuma zai nemi takardar daidaita shaida da suke kira denklik. Ka riƙe ɗan guzuri na makonnin farko, kafin a buɗe maka asusun banki alawus ya fara shiga. Alawus ɗin ma na ci da sha ne da kuɗin mota, darajar kuɗinsu, lira, ta faɗi sosai a shekarun nan, don haka kada ka yi wa kowa alkawarin aike.

Shekarar Turkanci ba hutu ba ce. Ko kwas ɗinka da Turanci ne sai ka yi ta, ana ɗaukar sunan masu zuwa aji, kuma sai ka kai matakin C1, wato ƙwarewa mai zurfi a harshen. Masu kwana da tashi cikin 'yan gida suna hira da Hausa su ne ke shan wuya a aji na gaba. Ka fara koyon gaisuwa da ƙirga tun kana gida. Rigar sanyi kuwa kada ka saya a nan, ta hunturunmu ba ta tare dusar ƙanƙarar Konya, ka bari ka isa can tsofaffin ɗalibai su kai ka inda ake samun mai sauƙi.

Idan ba a ɗauke ka ba, ana sake nema muddin shekaru ba su wuce ba, kuma takardun da ka gyara suna nan. Mai digirin farko da ya yi aikin shekara biyu yana iya gwada Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda ake buɗewa wajen Agusta, shi ma kyauta ake cikawa. Sai dai shi kai za ka nemi gurbin jami'ar da kanka, kuma sharaɗi ne ka koma gida ka yi shekara biyu bayan ka gama.