Yadda za ki gyara cimar yara da wasansu a makarantar raino

Makarantun raino sun yawaita a Katsina, kuma yaro ɗan shekara 2 ko 3 yakan wuni a hannun Anti tun daga ƙarfe takwas har azahar, wani ma sai la'asar. Abin da zai shiga cikinsa a wannan tsakani, da motsin da jikinsa zai samu, duk a hannunki suke, Malama. Iyaye sun fi tambayar ko yaro ya iya ƙirga, amma yaron da biskit ne karin kumallonsa, aka kuma danne shi a benci awa huɗu, karatun ma ba zai zauna masa ba.

Ki fara da buɗe kwandunan abinci. Mako guda, idan an fita tara, ki duba abin da kowane yaro ya zo da shi, ki rubuta. Galibi za ki tarar da lemon kwali, biskit, cincin, alewa, sai taliyar yara da ta huce ta dunƙule ba ko ƙwai a kai. Wani kuma kwandon ba komai sai ruwa. Shi wannan ki fi sa masa ido.

Daga nan sai ki zauna da iyaye mata. Kada ki kunyata kowa, domin yawancinsu lemon kwalin nan suna sayensa ne don suna ganin gata ne. Ki nuna musu cewa ruwa ne da sukari, yana toshe wa yaro ciki ya ƙi abinci, yana kuma cin haƙora. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 kada a ƙara masa sukari a abinci, zuma kuwa ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Ita da UNICEF sun kasa abincin ƙananan yara gida 8: nonon uwa, hatsi da su dankali, wake da gyaɗa, nono da madara, nama da kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace masu sinadarin bitamin A irin su zogale, karas, kabewa, gwanda da mangwaro, sai sauran kayan lambu. Ana so ɗan wata 6 zuwa 23 ya samu aƙalla 5 daga ciki kowace rana, kuma wannan ma'auni zai yi miki amfani har ga manyansu.

Abin daɗin shi ne duk wannan muna da shi a ƙofar gida. Ɗanwake da rabin ƙwai da yankan tumatir ya haɗa gida huɗu a kwano ɗaya. Dambu da zogale da garin ƙuli-ƙuli, alale da ɗan kifi, awara, faten wake da alayyahu, shinkafa da wake da ɗan manja, fura mai laushi da nono mai tsafta ba tulin sukari. Ki rubuta wa iyaye jadawalin Litinin zuwa Juma'a da irin waɗannan, ki bi kaka: mangwaro da kankana da bazara, karas da kabeji lokacin da kayan noman rani ke shigowa kasuwar 'Yar Kutungu da araha. Shayi kuwa a daina haɗa shi da abinci, yana hana jiki zuƙar sinadarin da ke ƙara jini. Ɓarin lemon zaƙi bayan wake shi ke taimaka wa jiki zuƙar sinadarin.

Idan da hali, makaranta ta riƙa dama kunu ko da sau uku ne a mako, saboda mai zuwa hannu rabbana. Akwai haɗin da ma'aikatan lafiya ke koya wa mata, wanda ake kira Tom Brown: kwano 6 na gero ko dawa ko masara, kwano 3 na waken suya, kwano 1 na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne daban har ya yi ƙamshi, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. Duk gyaɗar da ta yi funfuna ko ta yi baƙi a zubar, gubarta tana illa ga hanta. Kunun ya yi kauri yadda zai tsaya a cokali, domin tsararo cika ciki kawai yake yi. Wannan ya fi muhimmanci daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada.

Wajen cin kuwa, a wanke hannu da sabulu, a zauna a tabarma tare da ke, a yi bisimilla. Kowa da kwanonsa, don ki ga wanda ya ci da wanda ya tsakura. Ban da ɗure, ban da tsawa, ban da alkawarin alewa ga wanda ya cinye. Yaro kan ƙi sabon abu sau da yawa kafin ya karɓa, ganin 'yan uwansa na ci ne ke jawo shi. Gyaɗa ɗai-ɗai, aya da dabino mai ƙwallo kan shaƙe ƙananan yara, a niƙa ko a bari. Uwa mai shayarwa da ta zo ba da nono a ba ta wuri da sutura. Ɗan ƙasa da wata 6 nonon uwa zalla ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata.

Sai motsa jiki, inda makarantunmu suka fi rauni. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, ɗan shekara 1 zuwa 4 yana buƙatar motsi na minti 180 a yini, kuma ga 'yan shekara 3 da 4, minti 60 daga ciki ya zama na guje-guje har numfashi ya ɗaga. Kada a tsare yaro wuri ɗaya fiye da awa guda, a benci ne ko a goye. Jariri a kifa shi a kan ciki yana farke, jimillar minti 30 a yini, idonki na kansa. Talabijin da waya babu su ga ɗan ƙasa da shekara 2, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda a yini. Ni dai a ganina, kunna wa yara katun don su yi shiru ba raino ba ne.

Ba sai kin sayi lilo ba. Ki share fili daga kwalba da ƙusa, ki zana 'yar gala-gala da gawayi, ki kawo tsofaffin tayoyi da ƙwallon tsumma. Dokin kara, ɓuya, gaɗa, da langa ga waɗanda ƙafarsu ta yi ƙwari, duk sun wadatar. Ko ƙirga kike koyarwa, su yi tsalle goma suna ƙirgawa. 'Yan mata ma su yi gudu, kada a ce su zauna su natsu. Daga Maris zuwa Mayu a yi wasan waje kafin ƙarfe goma, a inuwar darbejiya, ruwan sha na kusa. Ranar da hunturu ya turnuƙe da ƙura, a jingine bencuna a yi a cikin aji.

Kowane wata ki auna damtsen yara 'yan wata 6 zuwa 59 da tef ɗin awon tamowa, ma'aikatan asibitin unguwa za su nuna miki yadda ake yi. Tef ɗin launi uku ne: kore lafiya lau. Ruwan ɗorawa, wato santimita 11.5 zuwa 12.5, a ja hankalin uwa a ƙara abinci. Ja, ƙasa da 11.5, ko kumburin ƙafa biyu, a kai yaron asibiti a ranar, ko da ke ce za ki raka uwar.