Kayan nutso: gwanjo ko sabo, ina ake yin kuskure?

Wani ƙanen abokina ya turo min hoto a WhatsApp: tukunyar iska, abin shaƙa da tiyoyinsa, da rigar roba, an baje su a kan tabarma. Dillali ya ce masa kayan Turai ne, a kawo kuɗi kafin la'asar. Yaron ya koyi nutso a Hurghada lokacin da yake karatu a Masar, ya dawo Kano yana mafarkin shiga ruwan Tiga. Ya ce, "Yaya, in saya?" Na ce ya fara ɗauko min hoton wuyan tukunyar. Sai ya tambaye ni me ake nema a wuya.

Mu Kanawa ba baƙin gwanjo ba ne. Wanda ya saba shiga Ƙofar Wambai ya san sau da yawa tsohon takalmi ya fi sabo ƙarko. Amma takalmi idan ya yage, sai ka tako a hankali zuwa wurin shumeka. Abin shaƙa idan ya ƙi aiki kana mita 18 ƙarƙashin ruwa, babu wurin da za ka tako. Kuskuren farko shi ne a haɗa kayan duka a yi musu kuɗin goro, a ce "gwanjo zan saya" ko "sabo zan saya". Raba su biyu ake yi: waɗanda numfashinka ya rataya a kansu, da waɗanda in sun lalace haushi kawai za ka ji.

Tukunyar iska ta fi komai yaudarar mai saye, don ƙarfe ne, ana ganin kamar ba ya tsufa. Wadda aka fi samu ta alminiyam ce mai lita 11, ana matsa mata iska har kusan bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne). Tayar ƙaramar mota ba ta kai bar 3 ba, sai ka kwatanta. A wuyanta akwai lambobi da aka buga a jikin ƙarfen: kamfanin da ya ƙera ta, matsin da take ɗauka, watan da shekarar da aka yi ta, da tambarin duk gwajin matsi da aka yi mata daga baya. A Amurka ƙa'ida ce a yi wannan gwajin duk shekara 5, masu cika iska kuma suna neman shaidar an leƙa cikinta duk shekara. Idan tambarin ƙarshe ya wuce shekara biyar, ka ɗauka ba a gwada ba. Idan an shafe wuyan da sabon fenti, ka tambayi kanka me ake rufewa. Akwai kuma tsofaffin tukwanen kamfanin Luxfer da aka ƙera a Amurka kafin tsakiyar 1988 da wani nau'in alminiyam mai lamba 6351, wanda aka san yana tsagewa a wuya sannu a hankali. Shaguna da yawa a waje sun daina cika su, shi ya sa suke da arha, kuma irin kayan da Turawa suka gaji da su ne ke biyo kwantena. Gyaran wannan kuskure mai sauƙi ne: kada ka yi cinikin biri a sama. A cire bawul, a haska tocila a ciki. Tukunyar da aka bari wayam babu iska, danshi ya shiga, ta baƙin ƙarfe za ta yi tsatsa, ta alminiyam kuma za ka ga farin gari.

Ga wanda nutsonsa a Bahar Maliya ne ko Zanzibar, ban ma ga dalilin sayen tukunya ba. Jirgin sama ba ya ɗaukar ta sai babu iska an cire bawul, ga nauyi, kuma duk wurin nutso yana ba da haya.

Sai ragileta, wato abin shaƙa. Kashi biyu ne: na jikin tukunya yana sauke matsin zuwa wajen bar 10, na baki kuma yana ba ka iskar daidai da zurfin da kake. Asalinsa na'urar da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943. Mutane kan sa a baki, su ja numfashi biyu a tsakar gida, su ce lafiya lau. Wannan ba gwaji ba ne. Cikinsa ƙananan zobban roba ne da mazaunin bawul da ke sanɗarewa ko da ba a taɓa shiga ruwa da shi ba, kuma kamfanoni kan ce a kai shi sabis duk shekara ɗaya ko biyu. To a nan ne lissafin ɗan Kano ya bambanta da na ɗan Ingila. Kafin ka tambayi farashi, tambayi wa zai buɗe maka shi, a wane gari, kuma ko har yanzu ana yin kayan gyaransa. Ragileta mai suna irin Apeks ko Scubapro, wadda ƙwararre ya yi wa sabis aka ba ka takarda, ba laifi ko gwanjo ce. Wadda kamfaninta ya rufe, ko kyauta aka ba ka, ado ce ta bango. Ka haɗa kuɗin saye da na sabis da na aikawa, sau da yawa za ka ga ka taɓo farashin sabuwa. Kada kuma a kai wa mai gyaran tukunyar gas don kawai sunan ya zo ɗaya. Ka duba mahaɗarta ma: akwai mai zare da ake kira DIN, akwai mai maƙalewa. Mutum ya sayi ragileta a nan, tukunya a can, ranar shiga ruwa su ƙi haɗuwa.

Masu kuɗi su ma suna da nasu kuskuren, wato ɗauka cewa duk abin da ke cikin kwali sabo ne. Kayan da suka shekara biyar a shago mai rufin kwano, suka sha zafin Afrilu da ƙurar hunturu, robarsu ta riga ta gaji. Lanƙwasa tiyo kusa da mahaɗa ka ga ko ya yi tsaga-tsaga. Kuma garantin da sai ka aika kaya Dubai kafin a duba, rabin garanti ne.

Rigar iska, wadda ake hurawa don daidaita nauyi a ruwa, ana iya sayen gwanjonta. Hura ta ta cika tam, ka ajiye ta kwana. In ta saki da safe, bar musu. Danna maɓallin hurawa sau da yawa ka tabbatar yana dawowa, don in ya maƙale a ruwa sama zai yi da kai a guje, kuma saurin tasowa shi ke jawo ciwon da iskar naitirojin ke haddasawa a jini.

Ƙafar agwagwa (faffaɗan takalmin iyo), dalmar nauyi, jaka, wuƙa: sayi gwanjo, ka taya da kyau. Gilashin fuska kuwa sayi sabo, ba shi da tsada. Ɗora shi a fuska ba tare da igiya ba, ka ja iska da hanci; in ya manne, naka ne. Rigar roba tana motsewa da yawan amfani, mai kaurin milimita 5 ta koma ba ta tare sanyi, kuma wanda ya taɓa sa hannu a ruwan dam a watan Janairu ya san sanyin ba wasa ba ne.

Agogon nutso, wato ƙaramar kwamfutar da ke lissafa zurfi da lokaci, yana da wani batu da ya shafe mu kai tsaye. Kano tana sama da teku da fiye da mita 400, kuma a ƙa'idar masu koyarwa duk nutson da ya haura mita 300 daga teku lissafinsa daban ne. Wanda ya koya a bakin teku ya zo Tiga ko Challawa da tsohon agogon da ba a saita masa tudu ba, agogon zai ba shi lokacin da ya wuce kima. Ka tabbatar ana iya saita shi, kuma batirinsa irin wanda za ka samu ne.

Abin da na tambayi yaron daga ƙarshe shi ne ina zai cika tukunyar. Ya ce akwai mai faci a unguwarsu mai babban kwamfuresa. Injin faci ba ya kai ko kusa da bar 200, iskarsa kuma cike take da tururin mai. Injin nutso yana da matatai na musamman, kuma ko shi in aka ajiye kusa da salansar janareta zai zuƙi hayaƙi mai kisa wanda ba shi da wari. Iskar oksijin ta asibiti ko ta masu walda ma ba ita ba ce: zallarta tana iya sa mutum farfaɗiya in ya wuce zurfin mita 6.

Hoton wuyan ya iso bayan magariba. Luxfer ce ta 1984, tambarin gwaji na ƙarshe 2009. Ya sayi ƙafar agwagwa da dalma, sauran ya bar wa dillali.