Yadda Za Ku Gano Ajiyar Jiyokashin Mai Wuya a Tsakiyar Birni

Mutum huɗu ne tsaye gaban wani bencin ƙarfe a bakin titi, kowa ya zuba wa wayarsa ido. Wannan ya ce saura mita uku gabas, wancan ya rantse mita tara ne yamma. An fi minti arba'in ana wannan musu. Abin da suke nema kuwa bai wuce kan ɗan yatsa ba, yana nan manne a ƙarƙashin hannun bencin da ɗayansu ya dafa. Ina cikin mutum huɗun nan, ni ne ma mai dafe da bencin.

Ga wanda bai san wasan jiyokashin ba: wani ne zai ɓoye ɗan akwati ko gwangwani mai ɗauke da takardar sa hannu, ya saka lambobin da ke nuna wurin a taswira a shafin intanet na Geocaching.com, wasu kuma su bi GPS su nemo shi. Abin ya samo asali ne a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina dusashe siginar GPS da farar hula ke amfani da ita, kuskuren na'ura ya sauko daga kusan mita 100 zuwa kimanin mita 10. Ranar 3 ga watan, Dave Ulmer ya ajiye wani baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya ce wa mutane su nemo. Yau ajiyoyi sun haura miliyan 3 a ƙasashe sama da 190. Na cikin birni su ne masu sa mutum gumi, domin babu inda za a ajiye bokiti a tsakiyar jama'a.

Mataki na farko a zaune ake yin sa, kafin kowa ya sa takalmi. Ku buɗe shafin ajiyar ku karanta shi tare. Akwai maki biyu, kowanne daga 1 zuwa 5: ɗaya na wuyar ganowa, ɗaya na wuyar isa wurin. Idan kuka ga wuyar ganowa 4, wuyar isa 1, to abin yana inda hannu zai kai ba tare da hawa komai ba, sai dai an yi masa shigar burtu. Ku duba girma. Wadda ake kira maikuro ba ta kai mililita 100 ba, akwai kuma nano, ƙanwarta, mai kamar maɓallin riga. Ku duba iri: ta gargajiya tana daidai inda lambobi suka nuna, mai matakai za ta yi ta tura ku daga wuri zuwa wuri, mai wasa ƙwaƙwalwa kuwa lambobin da ke shafinta ba na gaskiya ba ne, sai kun warware tambaya. Mutane da yawa sun wuni suna laluben bango a inda babu komai saboda sun tsallake wannan layin.

Sannan ku gangara ƙasa ku karanta abin da masu nema na baya suka rubuta. A nan ni na fi daɗewa. Idan mutum biyar a jere sun sa DNF, wato sun nema ba su samu ba, wataƙila ajiyar ta ɓace, ku zaɓi wata. Idan kuma wani ya rubuta cewa sai da ya durƙusa, ko ya gode wa dogon abokinsa, ai ya ba ku rabin amsa bai sani ba.

Kayan tafiya ba su da yawa: biro, domin nano ba ta da wurin ajiye shi, hantsaki na zaro takarda, ƙaramin madubi, tocila, safar hannu, waya cike da caji. Madubin nan ya fi duk sauran amfani. Da shi za ka leƙa ƙarƙashin ƙarfe ba tare da ka kwanta a ƙasa jama'a sun taru a kanka ba.

Mataki na gaba, rabon aiki. Mutum uku zuwa huɗu sun isa. Idan kuka kai takwas, kun zama taro, taro kuwa ido yake ja. Ɗaya ya riƙe taswira, ɗaya ya riƙe bayanin shafi, ɗaya ya zama mai lura da masu wucewa, a riƙa juyawa don kada wani ya ƙare da gadi kawai. Ku kuma yanke shawara tun a hanya: wanda ya fara gani zai yi shela ne, ko zai yi shiru? Ni na fi son ta biyun. Wanda ya hango abin sai ya yi kamar bai gani ba, ya ƙara ɗan dube-dube a wani gefe, ya koma can ya zauna. A haka kowa zai ɗanɗani daɗin ganowa da idonsa. Na ƙarshe dai zai sha tsiya, wannan kuma ba makawa.

Yanzu kun iso. Da zarar waya ta ce saura mita goma, ku mayar da ita aljihu. Dalili shi ne taurarin ɗan'adam na GPS suna can sama da kilomita 20,000, kuma waya na bukatar aƙalla huɗu kafin ta san inda take. A fili, kuskurenta ba ya wuce 'yan mitoci. Tsakanin dogayen gine-gine kuwa, sigina na dukan bango da gilashi ta dawo kafin ta iso gare ka, sai wayar ta ɗauka kana tsallaken titi. Ka tuna shi ma mai ajiyar da irin wannan wayar ya auna wurin, nasa kuskuren ya hau kan naka. Dabara ɗaya da ke taimakawa: ku tunkari wurin daga kusurwa biyu ko uku, daga inda sama take a buɗe, ku ga inda kibiyoyinku suka haɗu. Hoton tauraron ɗan'adam da ke cikin manhajar wasan ta waya ma yakan nuna ko alamar ta faɗa kan shinge ne ko kan allo.

Daga nan aikin ido ne da hannu. Ka tsaya ka tambayi kanka: da ni ne, ina zan sa shi? A birni amsar galibi ƙarfe ce, saboda yawancin ƙananan ajiyoyi da maganaɗisu ake manna su. Bayan allon titi, ƙasan benci, cikin lanƙwasar shingen ƙarfe, ƙarƙashin murfin da ke gindin sandar fitila, wanda a wasu wurare yake ɗaguwa sama. Ku nemi abin da ya fita daban. Na taɓa ganin ƙusa mai noti a jikin wani ƙarfe: 'yan'uwanta biyar duk sun yi tsatsa har ta zubo ta ɓata fenti, ita kuwa tsatsarta fenti ce aka shafa, kuma ba ta riƙe da komai. Da aka taɓa ta sai ta biyo hannu. Cikinta rami ne, da takarda a naɗe siririya kamar tsinken ashana.

Akwai iyaka. Dokar wasan ta hana binne ajiya, don haka babu tono. Ba a kwance komai da sukundireba, ba a kuma buɗe akwatin lantarki na gaske ko da ya yi kama da maɓoya. Kada ka cusa hannu tsirara inda idonka bai gani ba. Fasasshen gilashi da allura da ƙwari duk suna son irin ramukan da masu ajiya ke so.

Masu wucewa fa? 'Yan wasan na kiransu magul, kuma su ne ke sa ajiya ta ɓace, domin wanda ya ga ka mayar da abu zai dawo ya ɗauka. Ɗaure igiyar takalmi, ɗaukar hoton abokai a gaban allon, yin kamar kana amsa waya, duk suna aiki. Amma idan ɗan sanda ko mai gadi ya tambaye ku, ku faɗi gaskiya ku nuna masa manhajar. A 2011 a garin Wetherby na Ingila, an ga wani yana ajiye akwati a ɓoye, aka rufe titi, masu kwance bam suka zo suka tarwatsa shi. Ajiyar jiyokashin ce.

Idan minti ashirin ta wuce ba labari, ku buɗe ɗan hasken da mai ajiya ya bari. A rikiɗe ake rubuta shi, kowane harafi an matsar da shi gaba 13, ta yadda kalmar benci za ta koma orapv, kuma taɓawa ɗaya ke warware shi. Ku yi musayar wuri, wanda ya duba sama ya koma ƙasa. Sau da yawa inda wani ya ce ya riga ya duba, nan abin yake.

Kun samu? Kada ku buɗe a nan take. Ku lura da yadda yake zaune, ku matsa gefe, ku sa hannu da kwanan wata. Takardar nano ƙarama ce, suna ɗaya na ƙungiya ya wadatar. Wajen naɗe ta, a fara cusa ta cikin murfin sannan a ɗaura, in ba haka ba za ta cije. A mayar da abin daidai inda yake, ba inda kuke ganin ya fi dacewa ba. Kowa ya rubuta nasa rahoton a manhaja, ban da hoton maɓoyar. Idan takardar ta jiƙe ko ta cika, ku sanar da mai ita. In kuwa kun tashi hannu rabbana, ku sa DNF ɗinku ba kunya, ku faɗi tsawon lokacin da kuka ɗauka da inda kuka duba, domin da wannan ne mai ajiyar zai san ko lokaci ya yi da zai je ya leƙa ta.