Darasi na Bakwai: Karanta Awo da Yanka a Zanen Gini

Duk wanda ya taɓa aiki a wajen gini ya ga ranar da injiniya zai shimfiɗa takardar filan a kan bulo, kowa ya taru ana leƙe, amma mutum ɗaya ko biyu ne kawai ke gane abin da ke ciki. To yau za mu koyi abu biyu, awo da kuma yanka, wanda ma'aikata ke ce wa sekshan.

Mu fara da awo. Za ka ga siririn layi mai kan kibiya ko ɗan karkataccen tsinke a kowane ƙarshe, da lamba a samansa, wannan lambar ita ce tsawon wurin daga nan zuwa can. Yawanci milimita ce, kuma ba a rubuta mm a gefe. Idan ka ga 3600 a kan ɗaki kar ka tsorata, mita 3 ne da santimita 60, wato kusan ƙafa 12 da muka saba cewa. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, shi ya sa bulo mai inci 9 yake fitowa kusan 225, mai inci 6 kuma kusan 150. Ƙofar ɗaki sau da yawa 900 ce a faɗi, 2100 a tsayi.

Nan ne fa mutane suke faɗawa rami. Wani sai ya ɗauko tef ya ɗora a kan takardar yana auna zanen, haba malam, ai an rage shi ne! Idan an rubuta 1:100 a ƙasa, santimita 1 a takarda mita 1 ce a fili, ga shi kuma in an yi fotokwafi takardar kan ƙara girma ko ta ragu, sai awon naka ya tashi a banza. Lambar da aka rubuta ita za ka bi. In babu lamba a wurin, kira mai zanen ka tambaye shi, kar ka yi ƙiyasi. Masu walda kuma ku lura, alamar Ø na nufin faɗin da'ira daga baki zuwa baki, R kuwa rabinsa ne, daga tsakiya zuwa baki.

Sai yanka. Ba ka sanin jan kankana sai ka sa mata wuƙa, haka gini yake, daga waje ba za ka ga zurfin harsashi ba, ko kaurin dakin, wato kankaren da ake zubawa a saman gini, ko inda lintal, wato kankaren da ke saman ƙofa da taga, ya zauna. Sai mai zane ya ɗauka kamar ya tsaga gidan daga rufi har ƙasa, ya ture rabi gefe, ya zana fuskar da ta rage. A kan filan za ka ga layi ya ratsa gidan, da harafin A a kowane ƙarshensa da kibiya, kibiyar tana nuna ɓangaren da kake kallo. Nemo zanen da aka sa wa A-A, shi ne cikin gidan ta wannan wurin. Inda wuƙar ta ci jiki ana cike shi da siraran layuka a karkace, galibi digiri 45, inda aka bari fari kuwa fili ne ko rami. Shi kansa filan ɗin ma yanka ne, kawai a kwance aka yi shi, kamar mita 1 da ɗoriya daga daɓe, shi ya sa tagogi ke fitowa a ciki.

Aikin gida: ka auna ɗakin da kake kwana da tef, faɗi da tsawo da kaurin bango, ka rubuta su da milimita. Sannan ka zana yankan bangon da ke da taga, ka nuna daga daɓe zuwa gindin taga nawa ne, ka zo da takardar aji na gaba.